Yadda Ake Haɗa Wasan Inuwa na Zamani Har a Kai Shi Bikin Fringe

Kayan wasan inuwa tun asali uku ne: farin ƙyalle, fitila, da abin da za a gitta a tsakaninsu. Da su ake yin wayang a tsibirin Jaba na Indonesiya, inda gwani ɗaya da suke kira dalang yake zama bayan ƙyalle tun daren fari har asuba, yana juya siffofin da aka yanka da fatar ɓauna, makaɗa jere a bayansa. Da su Turkawa suke wasan Karagoz da abokinsa Hajibat. A Alƙahira ma wani likitan ido ɗan asalin Mosul ta Iraƙi, Ibn Daniyal, wanda ya rasu a 1310, ya bar wasannin inuwa uku a rubuce, suna nan har yau. Abin da 'yan zamani suka ƙara shi ne majigi, da kyamarar da ke ɗauka tana haskawa nan take, da sautin da ake haɗawa a idon jama'a. Ƙungiyar Manual Cinema da aka kafa a Shikago a 2010 ta yi fice a wannan fanni. Sukan jera tsofaffin majigin aji a fage, irin wanda malamai ke ɗora rubutu a kan gilashinsa ya fito a bango, 'yan kallo na ganin hoto kamar fim a babban allo a sama, suna kuma ganin masu yin sa da hannu a ƙasa.

Irin wannan wasa ya fi samun masauki a bukukuwan wasanni da ake kira Fringe, wato gefe da Turanci, domin ƙofarsu a buɗe take. Na Edinbura a Sukotland shi ne uba. A 1947 ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka zo suka yi wasanninsu a gefen babban bikin garin, daga nan abin ya kafu. Har yau babu kwamitin da ke tantance wanda ya cancanta. Duk wanda ya samu zaure ya yi rajista ya shiga. A 2019 wasanni 3,841 aka yi a zauruka 323, aka sayar da tikiti fiye da miliyan 3, duk cikin mako uku da 'yan kwanaki na watan Agusta. Wannan cunkoso shi ne zai tsara maka komai, don haka daga gare shi za mu fara.

Da farko, san ɗakin da za ka shiga

Kada ka yanka kwali ko guda kafin ka san inda wasan zai zauna. Zaurukan Fringe yawancinsu ba gidajen wasa ba ne. Ɗakin taro ne, ko ajin jami'a, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, an zuba kujeru an rataya baƙin labule. Ɗaki ɗaya yakan ɗauki wasanni a jere tun safe har tsakar dare, kowa da awarsa. Tsakanin wanda ya gabace ka da kai, minti goma ne ko sha biyar, wani wurin ma bai kai ba. A cikinsu zai kwashe nasa, ka kafa naka, jama'a su shiga su zauna. Idan ka gama kuma, kamar 'yan kasuwa ne in hadari ya taso, kowa ya naɗe nasa da sauri. Wasu zaurukan tara suke ci in ka wuce lokacinka.

Saboda haka ka ɗaura wa kanka sharuɗɗa uku tun ranar farko. Wasan kada ya wuce minti 50. Kayansa duka su shiga akwati biyu da doguwar jaka ɗaya. Mutanen da za su yi wasan su iya kafa shi cikin minti takwas ba tare da wani ya taya su ba. Ni a ganina mutum uku sun isa: biyu a kan siffofi da fitilu, ɗaya a kan sauti da kwamfuta.

Sai ka rubuta wa masu zauren ka tambaye su: faɗin fage da zurfinsa da tsayin rufi a mita, ko ɗakin yana yin duhu ɗulum ko akwai tagar da ke tsiyayo haske, soket nawa ne kuma a ina suke, wane gefe koriyar alamar ƙofar gaggawa take, domin doka ta hana a kashe ta ko a rufe ta, kuma in ta fuskanci ƙyallenka za ta wanke maka baƙin inuwa. Zurfin fage ya fi komai muhimmanci a nan. In ba ka da aƙalla mita 3 bayan ƙyalle, dabaru da yawa da zan kawo a ƙasa ba za su yiwu ba.

Na biyu, labarin da ido zai gane

Inuwa ba ta da fuska. Ba ta murmushi, ba ta ɗaure gira, ba ta ƙifta ido. Abin da take da shi siffa ce ta gefe, da girma, da motsi, da tsayawa cik. To ka zaɓi labarin da ake ganewa da waɗannan. Tunda kuma masu kallonka a can ba Hausa suke ji ba, duk abin da hoto zai iya faɗa kada ka ba baki.

Bari mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki mu yi aiki da ita har ƙarshe. Ɓaure ya nuna a tsakiyar kogi, hankaki suka ara wa Gizo gashi ɗai-ɗai ya tashi tare da su, ya hau bishiya ya yi babakere, duk ɓauren da wani ya nufa sai ya ce shi ya riga gani, suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a can, ya faɗa ruwa ya tsinci kansa a wajen kada. Akwai tashi sama, akwai faɗuwa, akwai ruwa, akwai kwaɗayi da ake gani a cikin da ke kumbura. Wanda bai taɓa jin sunan Gizo ba zai bi ta ba tare da tafinta ba.

Samo takarda ka raba ta gida-gida, ka zana kowane hoto a gidansa, ko da zanen yara ne. A ƙarƙashin kowane gida ka rubuta abu uku: wace fitila ce a kunne, hannun wa ke riƙe da me, wane sauti ake ji. Idan ka ƙirga ka ga wani hoto yana neman hannu biyar alhali huɗu gare ku, a takarda za ka gyara shi, tun bai ci maka kwali da mako guda ba.

Na uku, haske

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne masu farawa suka fi yin gaggawa. Ka ba shi mako guda cur, kai da fitila da bango da hannunka kawai.

Kaifin inuwa daga ƙanƙantar tushen haske yake zuwa, ƙarfin fitila bai da hannu a ciki. Doguwar fitila ko ƙwan lantarki mai farin gilashi suna fitar da haske daga wuri mai faɗi, sai gefen inuwa ya yi dishi-dishi. Tocila mai ƙananan ƙwayaye da yawa ta fi muni, don kowace ƙwaya tata inuwar take yi, sai ka ga Gizo da ƙafa ashirin. Abin da kake nema tocila ce mai ƙwayar LED ɗaya tak. Kwance kanta, cire gilashin da kwanon nan mai sheƙi da ke tara haske, ka bar ƙwayar tsirara. Yanzu kunna ta a duhu ka sa yatsunka a gaba. Har gashin bayan hannunka za ka gani a bango.

Girman inuwa kuwa lissafi ne mai sauƙi: raba nisan fitila da ƙyalle da nisan fitila da siffa. Fitila tana mita 3 daga ƙyalle, siffa tana mita 1 daga fitila, inuwa ta ninka siffar sau 3. Matso da siffar rabin mita daga fitila, ta ninka sau 6. Wato kada mai tsawon kamu ɗaya a hannunka zai iya cika ƙyalle da baki kawai. Da wannan ake yin abin da kyamara ke yi a fim idan ta matso fuskar mutum. Amma ka lura, duk matsowar siffa kusa da fitila tana rage kaifin gefe, tana kuma ninka rawar hannu. Hannun da ya ɗan girgiza kusa da ƙwaya, girgizar ƙasa ce a kan ƙyalle. Ka jingina gwiwar hannu a tebur ko a cinyarka.

Akwai wani lissafin: in ka ninka nisan fitila da ƙyalle sau biyu, hasken da ke sauka a kansa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka kada ka auna ƙarfin tocilarka a ƙaramin ɗakin kwana ka ɗauka haka za ta yi a zaure.

Daga nan sai ka ƙara fitila ta biyu da ta uku, kowacce a kan ƙafarta, kowacce da makunnin rage haske. A gaban ta farko ka kafa gaɓar kogi da gidan Gizo. A gaban ta biyu ka kafa bishiyar ɓaure. Rage ta farko kana ƙara ta biyu, sai gida ya narke bishiya ta fito. Kashe wannan ka kunna waccan a bugu ɗaya, ka samu yankan hoto irin na fim. Larry Reed na San Faransisko, wanda ya koyi aikin dalang a tsibirin Bali na Indonesiya, yana cikin waɗanda suka raini wannan salo na fitilu da yawa a bayan babban ƙyalle.

Fitila ta huɗu a hannu za ta zauna. Siffa tana tsaye wuri ɗaya, kai kana yawo da tocila a bayanta, sai inuwa ta riƙa tafiya. Ka gina bishiyar ɓauren da waya da tsinke mai rassa ta ko'ina, ka ratsa da tocila ta cikin rassan a hankali, 'yan kallo za su ji kamar su ne ke tashi cikin bishiyar tare da hankaki. Ban san wata dabara a wannan sana'a da ta kai wannan arha da ɗaukar numfashin jama'a ba.

Launi ma da fitila ake yin sa. Jera ja da kore da shuɗi kusa da juna suna kallon ƙyalle ɗaya, ƙyallen zai yi fari-fari, amma duk abin da ya gitta zai jefa inuwa uku masu launi, ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda. Ka ajiye wannan don wuri ɗaya kawai a wasan, misali lokacin da Gizo ya nutse idonsa ya fara juyawa.

Wuta mai harshe, ko kyandir ko fitilar ƙwai, ka cire ta daga lissafi. Zaurukan ba sa yarda.

Na huɗu, ƙyalle

Farin yadin auduga mara sheƙi ya wadatar. Ɗaga shi ka duba ta cikinsa da tocila a baya: in kana hango ƙwayar fitilar tana soka maka ido, ya yi shara-shara, nemi mai kauri kaɗan, ko ka saukar da fitilar ƙasa da idon na zaune. Faɗin mita 2 da rabi da tsayin mita 1 da rabi ya dace da ƙaramin zaure. A samo shi faɗi ɗaya, don ɗinki a tsakiya zai fito baƙin layi tun daga farkon wasa har ƙarshe. Firam ɗin a yi shi da fayif ɗin roba na masu aikin famfo, a yanka guntu-guntu yadda zai shiga jaka, a sa wa kowace mahaɗa lamba. Tela ya yi wa yadin kalmasa mai faɗi a gefe huɗu don fayif ya shige, ya ɗame tamau. A naɗe shi a kan fayif ake ajiye shi, in aka ninke sai ya yi layi-layi. Daga ƙasan ƙyalle zuwa daɓe a rufe da baƙin yadi. Za a tambaye ka ko an fesa wa yadin maganin hana kama wuta, wani wurin har gwadawa suke yi, don haka ka fesa ka riƙe shaidar.

Na biyar, siffofi

Baƙin kwali mai ɗan kauri, sabuwar reza ko wuƙar yankan kwali, da katako a ƙasa. Zana siffar ta gefe, ka ƙara gishiri a abin da ya bambanta ta: cikin Gizo ya yi tulu, ƙafafu su yi tsinke, bakin hankaka ya yi tsini. Bayan kowane yanka ka ɗaga ta gaban fitila ka duba, domin abin da ya yi kyau a tebur ba lalle ne ya yi kyau a ƙyalle ba. Huda ita ce ado a wannan sana'a. Ido, farin ƙirjin hankaka, ɓawon bayan kada, duk ramuka ne da haske ke bi. In kana son launi a ramin, manna ledar launi ta baya da salatif.

Gaɓa kaɗan ta fi gaɓa da yawa. Ɗaya ko biyu a kowace siffa sun isa. Ɗora guntayen biyu su hau juna, huda, zura zare mai ƙarfi ka ƙulla ta kowane gefe, ka bar shi sako-sako don ya yi lilo da kansa. Ƙafafun Gizo in ka rataya su da zare haka, da ka ɗan girgiza jikin za su riƙa rawa ba tare da ka taɓa su ba. Sandar riƙo kuwa, ƙarfen tsohuwar lema ya fi komai, siriri ne kuma ba ya lanƙwasa. Hanya biyu ake kafa ta. Mutanen tsibirin Jaba daga ƙasa suke riƙewa a tsaye, sai siffa ta iya juyawa ta fuskanci hagu ko dama, amma ana ganin inuwar sandar. Turkawa daga baya suke tokarewa a kwance, sandar ta kusa ɓacewa, amma siffa ba ta juyawa, sai dai ka yanka biyu. Ga tsuntsu mai tashi ta Turkawa ta fi, ga mai tafiya a ƙasa ta Jaba.

Gashin da hankaki za su zare, kowanne ka yi shi daban a kan siririyar waya, ka soka a ɗan aljihun salatif a bayan Gizo. Ana zarewa ɗai-ɗai, da ɗan shiru tsakanin kowanne, har ya rage ɗaya.

Wanda yake kusa da masu yin tandu ko masu rufa ganga yana da abin da 'yan wasan Turai suke nema ido rufe, wato fatar da aka kankare har haske na ratsa ta. Tana shan rini, tana ba da launi mai ɗumi da leda ba ta iyawa. Sai dai danshi na nannaɗe ta, kuma kwastan na ƙasashe da dama suna da doka a kan shigar da fatar da ba a jeme ba. Ka bincika tun da wuri, kuma ka yanka madadinta na kwali.

Kowace muhimmiyar siffa a yi mata girma biyu ko uku, a kuma yi wa Gizo ɗan'uwa na ajiya, don shi ne zai fi shan wuya.

Na shida, majigin aji

Ina nufin tsohon nan mai gilashi a bisa kamar tebur da madubi a wuya, wanda malamai suke ɗora rubutu a kai. Makarantu sun yi watsi da shi, masu wasan inuwa suka tsince shi. Gilashinsa bai kai kamu ɗaya da rabi ba kowane gefe, amma duk abin da ka ɗora a kai zai cika ƙyalle. Yashi, gashin tsuntsu, ganye, ragar sauro, tsintsiya, kowanne wata duniya ce idan ya girma.

Abin da ya kwanta a kan gilashi shi kaɗai ke fita da kaifi. Ɗaga shi yatsa biyu sama, ya zama hazo. Da wannan za ka sa abu ya ɓullo daga nesa ko ya ɓace. Don tafiya mai nisa, zana daji da gajimare a doguwar leda garau, ka naɗe ta a sanduna biyu hagu da dama, kana jan ta a hankali Gizo yana tsaye wuri ɗaya yana kaɗa fiffike. In majigin biyu ne suna haska wuri ɗaya, guntun kwali a hannu ya isa: rufe idon wannan kana buɗe na wancan, kafin a dawo kansa abokinka ya sauya abin da ke kan gilashin.

Kogin kuwa, samo faffaɗan kwanon gilashi, zuba ruwa kamar kaurin yatsa, ɗora a kan majigin. Hura shi da tsinken shan lemo, igiyar ruwa ta bi ƙyalle. Ɗiga shuɗin launin abinci, ka ga yana buɗewa kamar hayaƙi. Ɗiga man gyaɗa, ƙwallaye su riƙa yawo. A nan dole a yi hattara, ruwa ne a kan na'urar da ke jone da wuta. Kada a cika kwanon, a ɗora shi a sauke da hannu biyu, tawul na kusa, kuma a rubuta shi a takardar bayanin haɗari da zaure zai nema.

Ƙwan majigin yana zafi ƙwarai. Ba a taɓa sabo da yatsa tsirara, maiƙon hannu na rage masa kwana, kuma ba a jijjiga majigin yana da zafi. Riƙe ƙwai biyu na ajiya, kuma kowa a ƙungiyar ya iya sauya shi a duhu. In majigin yana bayan ƙyalle, rubutu a juye zai fito wa jama'a, sai ka kifa ledar.

Na bakwai, kyamara da majigin kwamfuta

Ra'ayina a nan a fili yake: duk na'urar da ba ta yin abin da kwali da tocila suka kasa, a bar ta a gida. Kowace waya da ka ƙara minti ce daga cikin takwas ɗinka, kuma wuri ne da abu zai iya tsinkewa. Amma akwai abu biyu da suka cancanci wahalar.

Na ɗaya, majigin kwamfuta a matsayin fitila. Idonsa ƙarami ne, don haka inuwarsa na da kaifi. Ɗauki bidiyon ruwa na gaske yana gudu, ka haska shi daga bayan ƙyalle, ka shigar da kada na kwali cikin hasken. Kwali a cikin ruwan gaske yana da wani abu da ke kama ido. Matsalarsa ɗaya, baƙinsa ba baƙi ba ne. Ko ba ya nuna komai yana zubo toka-toka mai kusurwa huɗu a ƙyalle, ya ɓata maka duhu. Maganinsa murfin kwali da za ka saukar a gaban idon, ba tare da ka toshe masa iska ba.

Na biyu, kyamara a kan ƙaramin tebur tana ɗaukar hannuwanku, ana haskawa nan take. Haɗa ta kai tsaye da majigi da wayar ɗaukar hoto ta HDMI in zai yiwu, domin bi ta cikin kwamfuta yana kawo ɗan jinkiri, hannu ya motsa hoto ya biyo baya. Kulle saitin haske da na kaifi da hannu, in ba haka ba duk sanda fitila ta sauya kyamara za ta shiga lalube. In hoto na ƙyafƙyafta, sa saurin ɗauka a kashi 1 cikin 50 na daƙiƙa, wanda ya dace da wutar Birtaniya da ta Najeriya da Nijar. Kashe barcin kyamara da na kwamfuta, kashe sanarwa, cire intanet. Manhajar OBS Studio kyauta ce kuma tana sauya tsakanin kyamara da bidiyo. QLab ta fi shahara a gidajen wasa, amma a kwamfutar Mac kaɗai take aiki.

Ka tuna ko da yaushe, haske biyu a ƙyalle ɗaya kowanne yana cike inuwar ɗan'uwansa. In kana son baƙi ƙirin, ɗaya ne zai kasance a kunne.

Sai wata shawara da za ku yanke tare: ku ɓuya ko a gan ku? Ni na fi son a gan ku. Wanda ya ga kwanon ruwa da tsinke a hannunka, ya ɗaga kai ya ga kogi, mamakinsa ya ninka na wanda ya ga kogin kawai.

Na takwas, sauti

Makirfo ɗaya mai kyau a kan tebur, da tarkace. Lema ana buɗewa ana rufewa, fiffike ne. Tsakuwa a ƙwarya, ruwan sama. Kalangu yana iya yin maganar Gizo gaba ɗaya, roƙonsa da ƙaryarsa da kukansa, sarewa ta ɗauki hankaki. Ku buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku" da Hausa, ku bar waƙoƙin da Hausa, in ya so layi biyar ko shida na fassara su fito a gefen ƙyalle. Kiɗan ya zama naku. Na wani yana da haƙƙin mallaka, kuma a Birtaniya za a sa ka bayyana abin da ka kunna, ka biya.

Na tara, bita

Bayan ƙyalle ba ka ganin abin da jama'a ke gani, don haka kowace bita a kafa waya a gaba tana ɗauka, ku zauna ku kalla tare. Abin da za ku fara lura da shi shi ne sauri. Kusan kowa yana motsa siffa fiye da kima. Bari ta shigo, ta tsaya, ido ya gane ta, sannan ta motsa. Mai magana kaɗai ke motsi, saura su daskare.

Jera siffofi a kan tebur bisa tsarin shigarsu, kowacce da lamba a baya da farin fenti. Wurin kowace ƙafar fitila a manna masa salatif mai launi a kan baƙar shimfiɗar da za ku tafi da ita, sai ya zama kun tafi da ma'auninku a naɗe. Ku sa baƙaƙen kaya, ba agogo ba zobe, ƙafa da safa.

Kafawa da kwashewa ma a yi musu bita da agogo, kamar yadda ake yi wa wasan. Kowa ya san abin da zai fara ɗauka da abin da zai ƙare da shi. Sannan ku ware rana ku yi wasan da kwamfuta a kashe, wata ranar da majigi ɗaya a mace. In labarin ya kai ƙarshe da tocila da kalangu kaɗai, kun shirya. Kafin tafiya ku nuna wa mutum goma da ba su san tatsuniyar ba, ku ce su ba ku labarin abin da suka gani. Inda suka ɓata, can ne aikin da ya rage.

Na goma, shiga bikin

A Edinbura zaure ake fara samu, sannan a yi rajista da ƙungiyar da ke kula da bikin, wadda aka kafa a 1958. Ana fara neman zaure tun ƙarshen shekarar da ta gabata, kuma wanda ke son sunansa a littafin shirye-shirye sai ya gama rajista watanni kafin Agusta. Ciniki iri uku ne: ka yi hayar ɗakin kai tsaye, ko ku raba kuɗin tikiti da zaure, galibi da wani adadin da za ka biya ko an shiga ko ba a shiga ba, ko ka shiga tsarin kyauta, jama'a su shiga ba tikiti, su jefa abin da ya sawwaƙa a bokiti a ƙofa. Na ukun ya fi sauƙi, amma ɗakunansa sau da yawa na bayan mashaya ne, ga hayaniya ga haske, wasan inuwa kuwa duhu da shiru yake ci.

Ka shiga da sanin cewa yawancin ƙungiyoyi ba sa mayar da kuɗinsu a can. Masauki a Agusta shi ne ya fi cin kuɗi, sai jirgi, sai inshorar da zaure zai nema. Ribar ita ce masu shirya bukukuwa na ƙasashe da yawa suna zuwa neman wasan da za su gayyata. Bikin yana cikin waɗanda Birtaniya ta yarda a yi wasa a cikinsu da bizar baƙo, kuma bayan rajista ana ba da wasiƙar da za a haɗa da takardun neman biza. A nema da wuri.

Ba dole ne a fara da can ba. Lagos Fringe yana gudana tun 2018 a watan Nuwamba, cibiyarsa Freedom Park a Legas. Bikin fasaha na Makhanda a Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1974, yana da nasa ɓangaren Fringe. A bukukuwan Fringe na Kanada, irin na garin Edmonton da ya fara a 1982, ƙuri'a ake jefawa a cike gurabe. Wasan da ya sha jama'a sau goma a kusa da gida ya fi ƙarfin tsayawa a nesa.

Ƙarfin wutar Birtaniya bolt 230 ne kamar ta Najeriya, bakin soket ɗin ma iri ɗaya ne. Wanda ya taso daga Nijar zai nemi adafta. A Amurka da Kanada 120 ce, majigin aji na nan ba zai yi aiki a can ba sai da taransifoma. Zaurukan Birtaniya sukan nemi a gwada duk abin da za a jona a manna masa shaida, don haka wayar da aka ɗaure da salatif ba za ta wuce ba. Majigin aji nauyi gare shi kuma gilashinsa na fashewa, ya fi sauƙi a sayi na hannu ko a yi haya a can. Siffofi kuwa a jakar hannu za su shiga jirgi, a kwance tsakanin kwali biyu masu tauri, tare da baturan tocila, domin baturan litiyam na ajiya ba a yarda su shiga cikin kayan ƙasan jirgi ba.

Za a ba ku 'yan awanni na gwaji a zauren kafin ranar farko. Kada ku ɓata su kuna maimaita labari. Ku auna nisan fitilu, ku zauna a kujerar ƙarshe ta hagu da ta dama ku ga ko ƙwayar fitila na soka ido, ku daidaita sauti, ku yi kafawa da kwashewa sau ɗaya da ma'aikacin zauren yana kallo.

Talla aikin kullum ne, awa biyu ko uku kafin wasa, a titin Royal Mile na tsakiyar Edinbura da bakin zaurenku. Kowa a can takarda yake miƙawa, hannun mutane ya gaji da karɓa. Ku yi ƙaramin akwatin kwali mai farar takarda a fuska ɗaya da tocila a ciki, wanda mutum zai leƙa ya ga Gizo yana kaɗa fiffike na rabin minti, sannan ku miƙa masa takardar da ke ɗauke da sunan zaure da lokaci da manyan baƙaƙe. Bayan kowane wasa a duba gaɓoɓin siffofi, a sauya zaren da ya fara ci, a zubar da ruwan kwano, a sa batura caji tun daren.